Baba Abednego Mai Canja Layi

Abednego Yakubu ya yi aikin reluwe a Kafanchan tun yana saurayi har ya yi furfura. Aikinsa canja layi. Idan jirgi ya taso daga kudu, shi ke jan ƙarfen da zai sa ya nufi Kaduna ko ya karkata Jos. Fasinjoji ba sa ganinsa. Suna ɓare gyaɗarsu, suna tsammanin direba ne ke kai su. A nan ya ɗauko fahimtarsa ta duniya, bai kuma ajiye ta ba.

Jirage suka ɗauke ƙafa, ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watse Legas da Fatakwal, amma bai bar tasha ba. Kullum yana gindin mangwaro kusa da tsofaffin taragun da ciyawa ta cinye, da hularsa ta aiki a ka. A cewarsa akwai wasu mutane a wani ɗaki marar taga, a ƙasar da ba ya faɗa, su ke riƙe da ragamar duniya. Su ke ɗaga dala su kwantar da naira. Su suka turo cutar da ta ruɓar da citta a gonaki. Su ke zaɓen garin da za a yi yaƙi. "Masu Ƙarfe" yake ce musu, murya ƙasa ƙasa.

Ja'afaru mai sayen citta ba ya wucewa bai tsokane shi ba.

"Baba Abed, Masu Ƙarfen ne suka kwashe maka haƙoran gaba?"

"Yi dariya, Ja'afaru. Kai da masallacinka, ni da cocina, dukanmu tarago ne. Ran da za su haɗa mu karo ba za su tambaye ka ba."

Yadda yake samun labari shi ne ya durƙusa ya kafa kunne a kan dogo, kamar yadda ya saba yi don jin jirgi tun yana nesa. Ya ce layin dogo na duniya duk a haɗe yake, ta cikinsa umarninsu ke bi.

Ni malamin kimiyya ne a sakandare, gaisuwa kawai ke haɗa ni da shi. Sai aka kashe ɗana Clinton. 'Yan bindiga suka buɗe wa motarsu wuta yana dawowa daga Samaru Kataf. Ba a kama kowa ba, ba a gaya mana dalili ba. A zaman makoki kowa "sai haƙuri" yake cewa. Baba Abednego kuwa ya tsuguna gaban matata Scholastica ya ce, "Maman Clinton, ba tsautsayi ba ne. Shiryawa aka yi. Na ji shi a ƙarfe."

Daga nan ta fara kai masa abinci in ta taso daga zumuntar mata a coci. Ta koma iya barci. Ban hana ta ba.

'Yarmu Rosemary, ita kaɗai ta rage mana, ta samu gurbin karatu a jami'a a Zariya. Uwarta ta yi ta jan ƙafa har makon ƙarshe na rajista. Ranar tafiya, an riga an ɗaure jakarta a kan mota, sai ga Baba yana haki, ba hula.

"Malam, sauke kaya. Yarinya nan kada ya tafi. Ƙarfe yana kuka tun safe."

"Baba, yaushe rabon da jirgi ya bi layin nan?"

"Shi ya sa. Zo ka ji."

Ya kama hannuna ya ja ni har bakin dogo, matata da 'yata na biye. Rana tsaka, ba iska, ba kowa sai awaki. Na durƙusa don in kawo ƙarshen maganar. Ƙarfen ya ƙona mini kunne. Sannan na ji. Wani gunaguni ne can ƙasa, yana tashi yana sauka, kamar mutane da yawa suna magana bayan rufaffiyar ƙofa. Na san ƙarfe na miƙewa da zafi, na san tirela a kan titi na girgiza ƙasa. Shi nake koyarwa. Na miƙe ina kakkaɓe ƙurar gwiwata. Scholastica ta dubi fuskata, ta koma ta ce wa kwandasta ya sauke jakar.

Motar ta isa Zariya lafiya. Duk makon ba abin da ya faru a hanyar, amma kullum Baba cewa yake kukan bai daina ba, har aka rufe rajista. Da na same shi a gindin mangwaro ya riƙe hannuna da hannu biyu, idonsa da ƙwalla.

"Sun ga mun gane, sai suka canja layi. Gode wa Allah, Malam. Mun ceci yarinya."

Da gaske murna yake yi. Bai taɓa neman komai a wurinmu ba.

Bana Rosemary ta sake samun gurbin. Yanzu ita ke kai masa abincin, takan kuma daɗe. Na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa, na ce ta fara haɗa kaya.

"Baba ya ce bana ma ba shekarar tafiya ba ce."

"Baba tsoho ne, kaɗaici ke damunsa."

"Dadi, kai ma ka ji. Ina wurin."

"Zafin rana ne."

Ta ajiye faifan ta dube ni.

"To, ce mini babu abin da zai same ni a hanya. Kana faɗa zan tafi."

Ta jira. Da ta ga ban yi magana ba, ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta. Ƙarshen watan nan za a rufe rajista.