Sallar da Kaka ta kashe murhu

A ƙauyenmu da ke bakin tur'a, wato magudanar ruwan noman rani, arewa da garin Sinnar, lokacin sanyi shi ne lokacin tatsuniya. Bayan sallar isha'i Kaka, mahaifiyar Babanmu, takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, mu zagaye ta muna miƙa tafin hannu. Yaran maƙwabta Habboba suke ce mata, ta ce ita ba ta san wannan ba, ita Kaka ce, da ƙafarta ta taho da sunan tun daga ƙasar Sakkwato. Tatsuniyoyinta yawanci na dariya ne. Takan kwaikwayi muryar kura har ƙanena Sani ya ɓuya a bayana. Amma wadda ta fi zauna mini a rai, babu wanda ya yi dariya ranar da aka yi ta.

A shekarar nan, azumi ya faɗo tsakiyar tsinkar auduga. Inna takan fita hawasha, wato gonar da hukuma ta ba Baba, tun rana ba ta yi zafi ba, ta yini a duƙe da azumi a bakinta. Ta dawo ta ɗebo ruwa, ta yi abin buɗa-baki, ta tashi kafin asuba ta dafa sahur. Da Sallah ta matso sai aka ƙara mata da tuyar ka'ak, wato biskit ɗin Sallah, da wanki da yaɓen ɗaki. Yatsunta duk sun tsattsage saboda ƙwanson auduga, in ta tsoma su a kullun kisra mai tsami, wato wainar dawa mai faɗi da muke ci, sai ka ga ta runtse ido.

Baba kuwa mutum ne mai son a ce gidansa a buɗe yake. Duk Sallah sai ya gayyato abokansa na Sinnar, da 'yan tsinka da suka zo ci-rani, da duk wanda ya gamu da shi a hanya. Ana ta yabonsa a masallaci. Ban taɓa jin an tambayi wace ce take tsugune gaban wuta ba.

Ranar jajibiri da yamma ya leƙo madafa, Inna na shafa kisra a kan doka, wato faffaɗan kaskon tuya.

"Ki ƙara kullu," in ji shi. "Na haɗu da mutanen Dinder a kasuwa, gobe nan za su yini."

Inna ta ce, "To."

Da ya fita sai ta miƙe ta zagaya bayan rumbu. Na bi ta da buta, na zaci alwala za ta yi. Na tarar da ita ta cusa bakin mayafinta a baki tana cizo, tana dukan cinyarta da dunƙulen hannu. Ko sauti ba ta fitarwa. Da ta gan ni ta goge fuska ta ce hayaƙi ne, ta koma madafa. Ni kuwa na ruga na faɗa wa Kaka. Sai ta daina jan carbinta.

Da aka yi isha'i ta hura wutarta, amma ba a inda ta saba ba. Ta matsar da ita kusa da zanar da Baba yake kishingiɗe a bayanta kan angarib, gadonsa na igiya, yana shan shayi. Ba ta jira mun roƙe ta ba, ba ta kuma jira mun amsa buɗewar tatsuniya ba.

Ta ce an yi wata mata a wani gari, ana kiranta Mai-To, don duk abin da aka ɗora mata sai ta ce to. In ranta ya ɓaci ba ta magana, sai ta je bakin kogi ta ɗauki tsakuwa ɗaya ta haɗiye. Haka take yi shekara da shekaru, gari na yabon haƙurinta. Ranar wata Sallah mijinta ya tara mata jama'a. Ta durƙusa gaban tukunya za ta kwashe tuwo, sai ta kasa tashi saboda nauyin cikinta, ƙasa ta fara shanye ta. Da ta nutse zuwa gwiwa mijin ya ce ta yi haƙuri ta miƙo akushin tukuna. Da ta kai ƙugu baƙi suka aiko a ce miya ba ta ji gishiri ba. Da ta kai wuya ta buɗe baki za ta yi magana karo na farko, sai tsakuwa ta yi ta zubowa. Ƙasa ta rufe ta. Mutane suka tsaya a kan wurin suna tambayar juna wa zai wanke kwanuka.

Sani ya ce, "Kaka, ba wanda ya ja hannunta?"

"Da wane hannu?" Ta ɗaga murya yadda za a ji a bayan zana. "Hannuwansu na cikin akushi. Ku tashi ku kwanta."

Na ji ƙarar kofin shayi da aka ajiye da ƙarfi a bayan zana.

Da safe maza suka tafi idi. Inna ta riga ta ɗora manyan tukwane, idonta ya yi ja don ba ta runtsa ba. Kaka ta fito da tulu a kafaɗa, ita da ko buta ba ta ɗauka saboda ciwon baya, ta juye ruwan gaba ɗaya a murhu. Toka ta tashi ta cika madafa. Inna ta dafe ƙirji.

"Iya, baƙi fa!"

"Shiga ɗakina ki kwanta, ɗiyata. Ni na kashe, ni za a tambaya."

Ta tura ta ciki, ta jawo tabarma ta zauna a bakin ƙofa da sandarta a kan cinya.

Baba ya dawo da ayarin mutane, ya bar su a zaure ya shigo. Da ya ga murhu a jiƙe, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Iya, so kike a yi mini dariya daga nan har Dinder?"

Shi ɗan fari ne, don haka tunda nake ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba. Ranar ta kira shi.

"Haruna! Mi kake so a ce? A ce gidanka an ci an ƙoshi, ko a ce uwar ɗiyanka ta faɗi cikin wuta? Yarinyar ga ta yi azumi cikin auduga, kai ka yi naka a inuwa. Ga dabino, ga ka'ak da ta toya da yatsu masu jini. Kai musu. Wanda bai ƙoshi ba yana da gida."

Ya tsaya yana huci. Sannan ya ɗauki faranti da kansa ya fita. Baƙi suka sha shayi da dabino, kafin azahar zaure ya watse. Inna ta yi barci har la'asar. Da ta farka Kaka ta sa ni na shafa mata man riɗi a hannu, ta sa ta ci abinci a zaune, ta ce in ta ji kuka ta yi shi a fili, gidan nan ba na aljanu ba ne da za a riƙa ɓoyewa bayan rumbu. Inna ta kifa kai a cinyarta ta yi kuka mai sauti. Baba ya daɗe yana gaida mahaifiyarsa da baki kawai, ba ya zama.

Da ma a ce daga nan komai ya gyaru. Kaka ta rasu kafin a yi nisa, baƙi suka dawo kamar da, Inna ta koma gaban doka. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ba Baba kaɗai nake jin haushi ba. Ina jin haushin duk bakin da ya ci, ya yi godiya ga mai gida, ya tafi.

Na daɗe ina zaton Kaka don ta kunyata ɗanta ta yi tatsuniyar. Sai da na yi nawa gidan a Sinja na gane da Inna take, da ni. Shi ya sa tun kafin a ga wata nake zama da maigidana mu yanke mutum nawa za mu iya, mu raba aikin, abin da ba zan iya ba in faɗa da bakina. 'Ya'yana mata na koya musu cewa "na gaji" ba rashin kunya ba ne.

Wata Sallah Inna ta zo wurina, ta tsufa, bayanta ya ranƙwafa. Da sassafe na tarar da ita da tsintsiya a tsakar gida.

"Inna, don Allah ki zauna. Yau Sallah."

Ta dube ni kamar mai neman gafara. "Ban iya ba, Hajo. Ba a koya mini ba."

Na karɓe tsintsiyar na jefa kan rufin kaji. Na shimfiɗa tabarma, na zaunar da ita, na zauna kusa da ita na riƙe hannunta don kada ta miƙe. Haka baƙi suka shigo suka same mu, tsakar gida ba shara.