Ruwan da Ya Ƙaru a Cikin Kwalba

Akwai wata safiyar Litinin ta ranin 2006 da har yau ba ta fita daga raina ba. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in ajiye alli, ita zan ba ku.

Lokacin ina koyar da aji ɗaya a wata firamare da ke bakin kanal na noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Ni ba ta ƙofar da kuka shigo koyarwa na shigo ba. Da goyo a bayana na fara koyon baƙaƙe a ajin yaƙi da jahilci, na wuce makarantar matan aure, na lallaɓa har na samu takardar malanta mai daraja ta biyu. Sai aka ce kowane malamin firamare sai ya mallaki takardar NCE. Aka buɗe mana karatun ƙarshen mako: Litinin zuwa Juma'a mu koyar, Asabar mu koma ɗalibai. Darasin da mutum ya faɗi kuwa, sai ya sake rubuta shi baɗi.

Ni darasin halayyar ɗan'adam na faɗi. Hedimasta ya kira ni ofis, yana magana yana kallon tebur.

"Malama Hauwa, in ba ki haye bana ba, cire ki za a yi daga aji. Ba daga wurina ba ne."

Na ce, "Na ji, ranka ya daɗe. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri."

Darasin nan cike yake da tsofaffin binciken Turawa. Akwai karen da aka saba masa da jin wata ƙara kafin abinci, har ya zama ƙarar kaɗai tana tsinka masa yawu. Akwai ɗan birin da ya maƙale wa uwar tsumma, ya bar ta ƙarfe mai ba shi madara. Haddace su nake kamar karatun allo, ina tuƙa tuwo ina maimaitawa, amma a zuciyata duk tatsuniya ce.

Abin da ya kayar da ni kalmar Turanci ɗaya ce, konzabeshan. Ranar da aka koyar da ita ina gida, auta ba lafiya. Da na tambaya aka ce a kan yara da ruwa ne, sai na ce ai wannan tamu ce. Duk matar manomin rani ta san ta. Malaman gona ba su da waƙa sai ita: a yi tattalin ruwa, a cire tiyo da zarar fangali ya ƙoshi. Da tambayar ta fito a jarrabawa, na zage na cika takarda da bayanin yadda ƙananan yara ke ɓarnar ruwa, da yadda za a hore su. Na fito ina murna. Har sakamako ya zo ban san inda na kauce ba.

Sai da muka zo bitar jarrabawar da zan sake rubutawa. Malaminmu, Malam Sabo, matashi ne, bai wuce sa'ar ƙanina ba. Ya ce wa zai bayyana konzabeshan? Na ɗaga hannu, na zuba abin da na sani. Aji ya kaure da dariya. Wani abokin karatunmu, Malam Tanimu, har da buga benci.

"Yaya Hauwa, ke ma'aikatar ruwa ya kamata a kai ki! Gobe ke za ki riƙe mana makullin kanal."

Na ce, "In na riƙe, gonarka ce ta ƙarshen sha."

Malam Sabo ya haɗiye tasa dariyar, ya yi mini bayani a hankali. Ya ce a nan ba tattali ake nufi ba. Ana nufin yaro ya gane cewa yawan abu ba ya canzawa don an sauya masa mazubi. Wani masani ne ya gano cewa in ka juye ruwa daga kofi zuwa siririn mazubi a gaban ƙaramin yaro, zai ce ruwan ya ƙaru, sai ya kai wajen shekara bakwai yake daina faɗin haka.

Na ce, "A gafarce ni Malam, wannan 'ya'yan Turawa ne. Ɗan Kura da ya buɗe ido ya ga ruwa, shi za a ruɗa da kwalba?"

Ya ce, "Malama, ai kin fi littafin yawan yara. Je ki ki gwada."

Ranar Litinin na zo da kofunan silba biyu iri ɗaya da kwalbar lemo. Na kira Bilkisu, yarinyar da ta fi kowa kai a ajin, wadda ko canjin cefane ba a cutarta. Na zuba ruwa a kofunan daidai wa daida.

"Wanne ya fi yawa?"

Ta leƙa wannan, ta leƙa wancan. "Ɗaya ne, Malama."

Na juye kofi ɗaya a kwalbar, idonta na kan hannuna.

"Yanzu fa?"

"Na kwalba ya fi."

"Kin ga na ƙara?"

"A'a."

"To daga ina ya ƙaru?"

Ta dube ni kamar ni ce ban gane ba. "Ai ya yi tsawo, Malama."

Na mayar da ruwan kofi, ta ce ya koma yadda yake. Na kira wani, na kira wata, amsar dai ita ce. Yarinya ɗaya ce, Ja'o, 'yar rugar da ke bayan kanal, ta ce ɗaya ne, ta ƙi sauyawa. Sai na aika aji huɗu aka kira mini yayar Bilkisu. Ban gama juyewa ba ta rufe baki da hijabi tana dariya.

"Malama, ai shi ne dai. Kwalbar ce siririya."

Bilkisu ta harare ta. "Wallahi ya ƙaru. Ke ba kya gani?"

Na zauna a kujera. Uwa ɗaya uba ɗaya, tukunya ɗaya, tabarma ɗaya. Ba malamin da ya taɓa koya wa babbar wannan darasi, ni ma da na koyar da ita ban koya mata ba. A cikin 'yan shekarun da ke tsakaninsu wata ƙofa ta buɗe a kanta, ba wanda ya ji ƙarar buɗewar. Kuma wani bawan Allah a wata ƙasa mai nisa, tun ba a haife ni ba, ya durƙusa gaban yara ya ga abin da yake zaune a ajina kullum ban gani ba. Ban san lokacin da na ce subhanallahi da ƙarfi ba, har yaran suka amsa.

Ranar Asabar na ba Malam Sabo labari, har da na Ja'o, ina tsoron ta ɓata binciken. Ya ce a'a, waɗanda suka zo daga baya ma sun ce yara ba sa isa wurin lokaci ɗaya, in rubuta har da shi. Daga nan bitata ta sauya. Na daina rera karatun, na koma tambayar kaina me mutumin nan ya yi, me ya gani. Da jarrabawa ta zo, tambayar ta sake fitowa. Turancina bai da yawa, amma abin da idona ya gani na rubuta. Na haye, ba da wani babban maki ba, aka bar mini ajina.

Ƙannena, abin da ranar ta koya mini ke nan. In yaro ya ba ku amsar da ba daidai ba, ba kullum ne wasa ko daƙiƙanci ba. Wani lokacin gaskiyarsa ya faɗa, iyakar inda Allah ya buɗe masa ke nan a ranar. Ku tambaye shi dalili kafin ku ɗaga murya. Mu muna shayar da shuka ne, amma ba mu ke tsagar da iri ba. Ni dai tun daga lokacin, in zan shiga aji ɗaya, sallamar da nake yi irin ta mai shiga gidan manya ce.