Hotunan da Na Shimfiɗa wa Baffa a Ochanja

Fatakwal, Talata

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka hau bas kusa da kasuwar Oil Mill, ni da yayana Sabi'u, mahauci. Wata huɗu ke nan yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, tabar da yake sha kuma ta ninka. Baffa Hamisu na Anacha, wanda ya zame mana uba, ya yanke cewa shaye-shaye ne, a kai shi ƙauye wurin mai mari a ɗaure shi. Ni likita nake so ya gani a Inugu, amma sai Baffa ya yarda. A shingen Owerri soja ya tambayi dalilin da Yaya ke magana shi kaɗai, direba ya ce masa addu'a yake yi.

Anacha

Sha ɗaya saura muka isa rumfar Baffa a kasuwar Ochanja. Bayan gaisuwa da tuwon shinkafa, na shimfiɗa hotunan ƙwaƙwalwa da na buga daga mujallar likitoci a kan buhun wake. Na ce akwai wasu ƙananan gurabe a ƙwaƙwalwa inda sinadarin taba ke maƙalewa, ana ɗaukar hotonsu, kuma da alama suna bambanta a farkon irin wannan ciwo. Wataƙila ciwon ne ke jawo tabar.

"Wannan kan Sabi'u ne?" in ji Baffa.

Da na ce eh, da an gama. Na ce a'a, na wasu ne a wata ƙasa, masu binciken ma ba su tabbatar ba.

"To me ka sani, ɗan boko?"

Yaya ne ya amsa, idonsa a ƙasa: "Baffa, in na sha, surutun nan yana ɗan lafawa. Ba daɗi nake nema ba."

Baffa ya ce mutum huɗu sun zo masa da tabbaci, ni kaɗai na zo da ban-sani-ba. Ya kulle rumfar, ya biyo mu.

Inugu, Laraba

Mun sauka gidan wani mai dabbobi a unguwar Obiagu. A asibiti, likitar da muka gani ta ce babu na'urar ɗaukar irin waɗannan hotuna a wurinsu, ba ta ma buƙatarta. Yaya ya yi mata bayani da bakinsa, tiryan-tiryan, ta rubuta magani, ta ce batun barin taba a bi shi a hankali.

Alhamis da la'asar muka dawo Fatakwal. Godiya ga Allah, da direban nan, da Baffa, wanda ya riƙe hoto ɗaya. Ya ce zai nuna wa mai marin.