Sunan yankan waƙa

Shekarun baya, kafin in tattara in koma noman gyaɗa, ina da ɗan shago a bakin tashar Makoda. Cajin waya nake yi, ina kuma tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. Yau kaina zan tona wa asiri, Allah Ya yafe mini.

Wata rana ina tone-tone a manhajar da nake jera waƙoƙi a kwamfuta, sai na gano kowace waƙa tana da gurbin sunan mawaƙi da gurbin hoto. Shaiɗan ya raɗa mini cewa ga talla kyauta. Na zaɓi duk abin da ke cikin kwamfutar, na goge sunayen masu abin, na rubuta nawa. Na liƙa hotona na Sallah, wanda na sa baƙin gilashi na dafa babur ɗin da ba nawa ba. Ko ware wa'azi daga waƙa ban tsaya yi ba.

Kafin damina ta fita, fuskata ta shiga wayoyin ƙauyukanmu kaf. Na taɓa shiga motar Kunci, wani ya dubi wayarsa, ya dube ni, ya ce, "Kai ne?" Maimakon in ce a'a, sai na gyara zaman hula.

A lokacin ina neman aure a wani ƙauye wajen Bagwai, gidan malamai ne. Suka turo baffan yarinyar bincike, kamar yadda aka saba. Yana sauka a tasha ya tambayi wani ɗan acaɓa ko ya san ni. Ɗan acaɓa, da niyyar yi mini alheri, ya zaro waya ya ce, "Wa bai san shi ba? Saurara ka ji." Ya sakar masa waƙar soyayya, ga ni a kai da gilashi.

Kwana biyu saƙo ya iso wa mahaifiyata: gidansu ba sa ba maroƙi 'ya. In da magana, in zo ranar Juma'a bayan masallaci, in babu a bar zancen.

"Yaushe ka fara roƙo ban sani ba?" in ji mahaifiyata. "Ubanka har ya koma ga Allah ko tafi ban taɓa ji ya yi ba."

Na ruga shago. Na bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya ina canza musu suna, na tura a memori, na sa a wayata. Ga ni nan da gilashi. Na koma cikin manhajar na goge sunana da hotona, kwamfuta ta nuna komai fes. Na sake turawa. Ga ni nan dai, har kamar murmushin hoton ya ƙaru.

Ranar Laraba na kira abokina mai gyaran waya a Kano. Sai da ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ce, "Ɗan ƙauye, waƙa suna biyu gare ta. Wanda ka fara canzawa laƙabi ne. Sunan yankanta yana can cikin cikinta, shi waya take karantawa. Kai kuma ka yanka mata rago da sunanka."

"To ai na goge a manhaja."

"Manhaja a nata littafin ta rubuta, ba ta gaya wa waƙar ba. Akwai wurin da ake dannawa ta rubuta a jikin waƙar. Ranar ɓarna ka danna, ranar gyara ka manta."

Na nemo wurin na danna. Na tura. Wallahi ga ni nan! Na ce masa aljanu ne. Ya ce ba aljanu ba ne, wayar ce ta haddace tsohon karatu, sai an wanke mata allo. Ya gaya mini yadda ake share abin da mai kunna waƙar ya riƙe, na kashe wayar na kunna. Fuskata ta ɓace. Na yi hamdala, sannan na tambaye shi waɗanda suka riga suka bazu a wayoyin mutane fa.

Ya ce, "Ka taɓa ganin an tsince geron da aka watsa wa kaji?"

Ranar Juma'a ni da kawuna muka durƙusa a zauren mahaifin yarinyar. Na miƙa wayata na ce, "Allah gafarta Malam, a duba, babu ni a ciki." Baffan ya zaro tasa, ashe ɗan acaɓan nan har tura masa ya yi. Ya danna, ga waƙa ga fuskata. Ya danna ta gaba, sai muryar wani dattijo tana tafsiri, ga fuskata.

Malam ya daɗe yana duban hoton. Ya ce, "To yaro, da wanne za mu kira ka, maroƙi ko shehi?"

Na shiga bayanin laƙabi da sunan yanka da littafin manhaja, ina gumi. Ya ɗaga hannu. "Ni ban san memori ba. Ga hanya mai sauƙi. Rera mana waƙar da baffanta ya sa yanzu."

Waƙar soyayya, a gaban surukai, ranar Juma'a! Na dubi kawuna, ya kafa ido a tabarma. Na rufe ido na ɗauko baiti. Ban kai rabinsa ba wata akuya a waje ta amsa mini. Daga bayan katanga na ji mata sun tuntsire.

"Ya isa, don girman Allah ya isa," in ji Malam, yana goge ido da gefen rawani. "Wannan ko yunwa za ta kashe shi, ba zai ci abinci da murya ba."

Da dariya ta lafa sai ya ce, "Waƙa kam an wanke ka. Amma mutum ya yi guminsa, ka kankare sunansa ka sa naka, mene ne sunan wannan?" Na sunkuyar da kai, don na san sunansa. Ya ce zai ba ni 'yarsa, da sharaɗin in mayar wa kowa sunansa. Rani guda na yi ina kunna wa direbobi da tsofaffi ina tambayar muryar wane ne wannan, kafin a ɗaura auren.

Abin da na koya shi ne, ɓarnar da na yi da dannawa ɗaya ba ta gyaru da dannawa dubu ba. Akwai waƙoƙin da har yau ban gano masu su ba, gurbinsu na nan fayau, kuma duk sanda na tuna sai na yi istigfari, don haƙƙin mutane ne.

Matata kuwa, idan muna ɓarar gyaɗa na manta na fara ɗan rerawa, sai ta ce, "Malam, aure dai an riga an ɗaura, ba sai ka sake kawo shaida ba."