Mamudu Ndakotsu da Shafin Mai Shela

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Mamudu a garin Minna a shekarar 1952. Mahaifinsa Ndakotsu ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifiyarsa Amatullah kuwa sana'ar ƙuli-ƙuli take yi. Ya sauke Alƙur'ani a 1964, ya yi sakandare a Bida, sannan ya karanci kimiyya a Zariya har zuwa 1976. An ce tun yana yaro aka ga alamun ɗaukaka a tare da shi, amma haka ake faɗa a kan duk wanda ya rasu.

Aure da Aiki

A 1978 ya auri Sharifa, kuma a shekarar ya kama aiki a ofishin da ke tsara matakan gaggawa. A 1991 aka tura shi gudanar da atisaye a wani ƙauye da ke ƙasan madatsar ruwa. Aka busa jiniya kamar yadda takarda ta umarta, aka yi minti arba'in, babu wanda ya motsa. Rahoton ofis ya ce jahilci ne, amma ba haka ba ne. A al'adar wurin, magidanci ba ya kwashe iyalinsa sai dagaci ya aiko mai shela da ganga. Da aka aiko shi, kafin rabin sa'a gari ya watse.

Shekarun Kwamiti

A 2009 aka naɗa shi cikin kwamitin sabunta ƙa'idojin kare mazauna kusa da tashar lantarki ta nukiliya, wadda a lokacin ko tubali ba a aza mata ba. Tsohon kundin daga ƙasar waje aka kwafo shi: a rufe tagogi, a kunna talabijin, kowa ya shiga motarsa. Malam Mamudu ya rubuta shafi ɗaya tak, cewa sanarwa ta bi ta hannun dagatai da masu shela, da Nufanci da Gwaranci da Hausa, domin in ba haka ba mutane za su zauna cikin guba suna jiran izini. Aka cire shafin a 2011 da hujjar cewa bai dace da zamani ba. Ya sake gabatar da shi a 2014, bayan ya yi ritaya, aka yaba, aka cire. A 2019 aka maye gurbinsa da saƙon waya.

Ƙarshen Rayuwa

Ya koma gidansa na Maitumbi, ciwon suga ya rage masa gani, amma bai daina aika wa kwamitin wasiƙu a kan shafin ba, 'yarsa Mubina tana rubuta masa. Biyu kawai aka amsa.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa da asubahin Talata, 7 ga Maris, 2023, yana da shekara saba'in da ɗaya. Iyalansa suka aika saƙon waya ga abokan aikinsa sama da ɗari, mutum tara suka zo. Dagacin ƙauyen nan kuwa da ya ji, sai ya fitar da mai shela, kuma kafin la'asar motoci shida suka iso cike da mutane, su ne suka ɗauki makara har maƙabarta.

Ya bar matarsa Sharifa da 'ya'ya uku: Anwar, Amir da Mubina, wadda shafin yake hannunta har yanzu. Allah ya jiƙansa.