Habboba da Sarki Mai Hanci Biyu

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu a unguwar Ammariyya ta Jidda ya san dutsen da ke bakin ƙofar Habboba, kakarmu. A kansa take jefa tsohon kuɗin azurfa ta kasa kunne. In ya yi tiiin ya daɗe yana waƙa, sai ta ce, "Ɗan halak ne." In ya yi tak ya yi shiru, sai ta ce, "Tarin tsoho yake yi, ku ɗauke min shi." Bayan dutse sai cizo. Haƙori ɗaya ya rage mata, a gaba, dogo kamar hasumiya, kuma duk Jidda babu alƙalin da ya fi shi saurin yanke hukunci.

Kun san sarƙar nan ta wuyanta, ta manyan azurfar Sipaniya da Larabawa ke kira Abu Madfa, mai igwa. A tsakiyarta akwai gurbi, ƙullin zare kawai. Kuɗin da ke gurbin nan, mahaifiyarta ce ta sayar da shi a Sawakin, bakin tekun Sudan, don su samu shiga jirgin ruwa, lokacin Habboba tana ƙaramar yarinya. Tun a gidan buga kuɗi aka yi masa kuskure, aka buga shi sau biyu, kan sarkin ya fito da hanci biyu. Maƙerin da ya huda shi kuma hannunsa ya goce, hudar ta bi ta kunnen sarki. Shi Habboba take nema tun kafin a haifi babana.

Na taɓa ce mata, "Habboba, malamarmu ta ce abin da ke bayan kuɗin ginshiƙai ne, ba igwa ba."

Ta ce, "Malamar taku ta taɓa zuwa yaƙi?"

"A'a."

"To ta yi wa mutane shiru."

Masu canji na kasuwar Balad kuwa, da sun hango mayafinta sai ka ga kowa yana rufe farantinsa kamar an ce hadari ya taso. Akwai wani Bayamane mai ƙiba da ya miƙo mata ɗaya yana rantsuwa da kabarin kakansa. Ta shinshina, ta bi gefen da farce, ta ce, "Ka ga layin nan da ya zagaye shi? Zuba shi aka yi cikin ƙasa, bari biyu aka haɗa. Na gaskiya bugawa ake yi. Dubi fuskar sarkin, duk ramuka, ko agana ya yi?"

"Ya Hajja, halas, ya isa, mutane na ji!"

"Ai don su ji na faɗa. Kuma ka bar kakanka ya huta."

Kawu Bala, direba a tashar jiragen ruwa, shi ke kai ta kasuwa duk ranar hutunsa, har ya gaji. Sai ya yi dabara. Ya je wajen wani maƙeri a unguwar Bani Malik, aka yi masa kuɗin tagulla aka shafa ruwan azurfa, aka sa kurfi aka ƙara wa sarki hanci. Ya shigo yana haki.

"Inna, albishirinki! A hannun wani ma'aikacin jirgi na samo shi!"

Habboba ta karɓa. Wallahi don ɗoki ko dutsen ba ta tuna ba, sai kawai ta kai baki. Muka ji ƙas! Ta buɗe tafin hannu, ga kuɗi, ga hasumiya kwance a gefensa.

Kawu ya fara ja da baya. Ita kuwa ta ɗaga kuɗin sama, ta nuna inda ja-ja ya ɓullo, ta ce, "Tagulla! Ko da ya faɗi, sai da ya faɗi gaskiya." Ta juya ga Kawu. "Bala, hanci na biyun ma ya fi na farkon kyau. Wane irin kuskure ne yake fitowa tsaf haka? Ko ƙarya ba ka iya ba, halin ubanka."

Kawu ya ce zai sa mata haƙorin Makka, na zinare. Ta ce zinare rago ne, ba ya cizo. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Zulai, buɗe bakinki." Daga ranar na zama haƙorin Habboba. Kasuwa duk da muka shiga sai in ji, "Yalla, ciji nan." Na ciji azurfar da ta kwana a ɗamarar Baduyi, Balaraben hamada, na ciji wadda ke warin kifi. Na rantse har yau in na sha shayi ɗanɗanon Sipaniya nake ji.

A lokacin aikin hajjin da ya wuce, muna wajen masaukin alhazai, sai ga wata Bahaushiyar Sudan da goyo. A wuyan yaron an rataya azurfa saboda fitar haƙora. Habboba ta tsaya cak. Ta sunkuya, ta juya kuɗin. Hanci biyu, ɗaya na leƙe a bayan ɗaya kamar inuwa. Huda ta kunne. Ko cewa in ciza ba ta yi ba.

Matar ta ji labarin, ta ce, "Baba, ɗauki, ai naki ne." Amma da aka taɓa zaren, yaron ya tsala ihun da ya tayar da tantabarun unguwa. Habboba, wadda ta sa ƙattan Balad zufa, ta zauna a ƙasa tana ciniki da jariri. Ta kwance sarƙarta ta ba shi ɗaya, ya ƙi. Sai da ta cika masa hannu biyu ya saki.

Kawu ya ce, "Inna, da ɗaya kika rasa, yanzu kin ba da biyu!"

Ta ce, "Ni da shi duk ba haƙori, mun fahimci juna. Kai ja mota."

Ko shi ne na Sawakin, ko ɗan'uwansa ne da aka buga rana ɗaya, Allah ne Masani. Ita dai ta mayar da shi tsakiya, ta daina zuwa kasuwa. Sai ta zauna a tabarma tana shafa shi, tana ba mu labarin mahaifiyarta, matar da ba mu taɓa jin ko sunanta ba a da. Bayan Mauludi ta cika, yana cikin tafinta.

Allah ya jiƙan Habboba, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta. Ya haɗa ta da innarta a Aljanna, inda ba a sayar da komai don a ƙetare ruwa. Amin.