Ranar da Inna Ta Kama Sunan Ɗan Fari

Har yau in na ji ƙarfe ya bugi ƙarfe a matakalar bene, sai na tsaya na ƙirga 'ya'yana.

Ban daɗe da gama firamare a Maraɗi ba aka kawo mu unguwar Morrisania a Amurka. Wata Asabar da hantsi na tokare ƙofar gidanmu da bulo zan kai shara, na manta ban cire ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku. Ta nan mutum biyu suka shigo, suka tare Yayana a hawa na biyu da jakar agogunan da yake sayarwa. Ɗaya ya sauke masa sandar ƙarfe a kafaɗa, na ji ƙashi ya ce ƙas. Suka take masa yatsu, suka gwara kansa da bango. Da hannun da ya rage Yaya ya fizge ƙarfen ya fasa wa ɗaya muƙamuƙi. Haƙora biyu na share a wurin. Inna na saman matakala, a idonta aka yi komai.

Yaya aka kama, don a hannunsa aka samu ƙarfen. In laifi ya tabbata, kurkuku ne, sannan a kore shi daga ƙasar.

Wani matashin lauya Ba'amurke mai ƙoɗaɗɗiyar kwat ya tsaya masa. A kotu lauyan gwamnati ya ce Inna ta faɗi sunan wanda take yi wa shaida. Ta sunkuyar da kai. Kun sani, uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Sau uku ana tambaya, alƙali ya fara kallonta kamar hayarta aka yi.

Lauyanmu ya roƙi hutu. A baranda Baffanmu ya yi masa bayanin al'adar, lauyan bai ko murmusa ba. Ya durƙusa gaban Inna kamar yadda ya ga muna yi, ya ce wa tafinta: "Gaya wa Mama sau ɗaya ne. Zan tsaya tsakaninta da ɗanta, ba zai ga bakinta ba."

Haka aka yi. Ta kama sunan, ta ba da shaidar abin da ta gani a matakala, Yaya ya kifa kai a tebur yana kuka. Aka sallame shi.

Da lauyan ya tsaya takara, Yaya ne ya riƙa manna hotunansa da hannu ɗaya. Yanzu lauyan ɗan majalisar tarayya ne, ya yi furfura, ban san ko yana tuna mu ba. Ni kuwa kullum a makaranta da asibiti sai an sa na faɗi sunan ɗan farina, ina faɗa ina istigfari. Inna ba ta ƙara ba, ko ranar da ta cika da hannunta cikin na Yaya.